Tsoho Miao da Kabejin Koriya

Babu wanda ya kai ni shafa wa Miao Jinshui jini. Sana'ata ke nan a Baitang, kwalliyar 'yan fim. Ba ta jarumai ba, su suna da masu yi musu a cikin mota mai sanyi. Nawa su ne 'yan cika fage, waɗanda ake jerawa a layi in bi su da bokitin jan ruwa da burushi, su wuce a harbe su.

Yaya Miao mutumin wani ƙauye ne a Anhui. Gyaran keke yake yi har kekuna suka ƙare, kowa ya koma babur mai caji. Sai matarsa Shulan ta ce su taho Baitang, don ta ji ana cewa a garin fim ko ruwan zafi ka dafa sai ka sayar. Ta kafa rumfar bao, wani ɗan burodi mai nama a ciki, a bakin ƙofar filin ɗaukar fim, tana turarawa shi yana kai wa ma'aikata ciki. Wata rana mataimakin wani darakta ya karɓi bao a hannunsa, ya tsaya yana tauna yana kallonsa.

"Kawu, ka taɓa mutuwa?"

"Tukuna dai."

"Zo ka gwada. Kana da irin fuskar da 'yan kallo za su ji daɗi in an harbe ta."

Aka sa masa kakin sojan Japan, aka turo mini shi. Daga ranar ya shiga mutuwa, ya fi shekara goma yana yi. Da safe ya mutu a bakin gada, da rana a gonar masara, da yamma wata jaruma ta jefo allurar ɗinki daga kan rufi ta kashe shi da abokansa gaba ɗaya. Kuma ya iya. Wasu in an harbe su zubewa suke kamar buhun shinkafa. Shi kuwa sai ya fara duban ƙirjinsa, kamar wanda miya ta ɗiga wa a sabuwar riga, sannan ya durƙushe a hankali. Daraktoci suka riƙa nemansa da suna. Amma a duk shekarun nan bai taɓa furta kalma a fim ba, sai nishi. Mahaifiyarsa a ƙauye har ta rasu tana gaya wa maƙwabta cewa ɗanta bao yake sayarwa, ba ta ƙara komai a kai.

Babu mai bin labaran duniya a unguwarmu kamarsa. Yana murza ƙullu, rediyo na kusa da kunnensa. In ya ji Beijing da Tokyo sun yi musayar baƙar magana sai ya ce, "Tsohuwa, bana akwai aiki." In kuwa ya ji manya sun gaisa har da murmushi, ya san kakinsa zai daɗe a rataye, sai ya ƙara zage damtse a kan ƙullu.

Sai aka shiga shekarun da muke ɗasawa da Koriya. Jarumansu na zuwa, namu na tafiya, kamar babu teku a tsakani. Wani furodusa, Maigida Dou, mutum mai ƙaton agogo da ƙaramar kunya, ya haɗa kai da wani kamfani na Seoul za su yi fim mai suna Gaɓa Biyu. Labarin wani tsohon masunci ne namu da ya tsamo wani tsohon matuƙin jirgi ɗan Koriya daga ruwa, suka zauna a bukka ɗaya ba mai jin harshen wani, har ɗan wannan ya so 'yar wancan. Ranar buɗe aiki Maigida Dou ya yi jawabi a kan zumuncin al'ummomi har ya share hawaye da hannun da agogon yake.

Darakta Pei aka ba aikin, wani siririn saurayi mai yawan ajiyar zuciya. Ya gwada manyan 'yan wasa da dama a matsayin masuncin bai ga wanda ya yi masa ba, duk fatarsu ta yi laushi. Wata safiya ya zo sayen bao, ya tarar da Yaya Miao yana ɗaure tamfol ɗin rumfa da igiya.

"Kawu, hannun masunci gare ka."

"Ban taɓa ganin teku ba, Darakta."

"Tekun ma a tanki za mu yi shi."

Haka Yaya Miao ya samu takardar magana a karon farko. Shulan ce ke riƙe masa ita yana haddacewa, tana gyara masa da kan muciya.

Wanda zai fito a matuƙin jirgin shi ne Malam Namgung, dattijo mai farin gashi, sananne a ƙasarsu, wanda yake rusuna wa kowa har ni da bokitina. Ranar farko ya kama hannun Yaya Miao da hannu biyu, tafinta ya ce, "Yana cewa, Malam Miao, a yi haƙuri da shi a koya masa." Yaya Miao ya waiwaya bayansa yana neman malamin da ake nufi.

A gaban kyamara kowa da harshensa yake magana. Yaya Miao bai san me abokinsa ke cewa ba, ya dai lura cewa in Malam Namgung ya kusa ƙare zancensa girarsa ta hagu takan sauka, sai shi kuma ya ɗauka daga nan. Lokacin cin abinci ba sa neman tafinta. Malam Namgung ya buɗe wata 'yar roba ta kabejinsu mai yaji da matarsa take aiko masa, Yaya Miao ya buɗe ƙunshin bao, su zauna a gefen tanki suna ci suna gyaɗa wa juna kai. Darakta Pei ya gan su wata rana, ya ce su koma cikin bukka su ci gaba da cin a gaban kyamara. Ana cikin ɗauka yaji ya ratsa Yaya Miao, ya sha iska, ya ce da bakinsa cike, "Gaskiya naku ya fi namu daɗi."

Babu wannan a takarda. Kowa ya yi dariya, Darakta ya ce a bar shi haka. Shulan kaɗai ce ba ta yi dariya ba da labarin ya iske ta, don ita ma tana da nata tulun kabejin irin na Anhui. Wuni guda ba ta amsa masa magana ba.

Saura kaɗan a gama fim sai aka fara jin maganar wasu makamai da za a girke a can tsallaken teku. Ba a aiko mana da takarda ba, ba a yi sanarwa ba. Iska ce kawai ta juya, kowa kuma ya ji ta a ƙeyarsa. Wata hantsi wayar Maigida Dou ta yi ƙara, ya miƙe tsaye ya amsa, yana ta rusuna wa mutumin da ba ya ganinsa. Da ya ajiye, ya tara mu.

Darakta Pei ya ce, "Maigida, an hana ne?"

"Wa ya ce an hana? Kar in sake jin kalmar nan a bakin kowa. Ba a hana ba. Ba a dai ce a yi ba."

"To mu ci gaba?"

"Kanka ɗaya kuwa?"

Kafin a raba shinkafar rana mutanen Koriya sun haɗa kayansu. Malam Namgung ya nemo Yaya Miao a bayan tanki, ya yi masa magana mai tsawo, tafinta kuwa ya riga ya shiga mota. Yaya Miao ya jira girar ta sauka, ta sauka, amma ba shi da abin cewa a takarda. Sai ya rusuna, dattijon ma ya rusuna, aka yi masa hon ya tafi.

Maigida Dou ba mai barin tanki ya bushe a banza ba ne. Bayan 'yan watanni ya dawo da sabbin abokan hulɗa daga Taipei. Yanzu matuƙin jirgin ɗan Taiwan ne, an ɗauko wani Malam Liao da wata yarinya da za ta fito a 'yarsa.

Darakta Pei ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Maigida, duk fim ɗin nan a kan mutum biyu ne da ba sa jin harshen juna. Malam Liao kuwa ya fi Kawu Miao iya Sinanci."

"To a kurmantar da shi. Ka ce ruwa ya shiga kunnensa."

Aka kurmantar da shi. Yaya Miao ya sake shiga tanki, wannan karon cikin hunturu, ya tsamo mutum na biyu. Malam Liao kuwa jiki gare shi, har yau Yaya Miao in sanyi ya sauko yana tuna shi a ƙugunsa. Mutumin kirki ne, amma ko ina kwana za ka yi masa sai ya dubi manajansa kafin ya amsa. Duk da haka ba ta wajensa matsalar ta ɓullo ba. Wani mai lokaci da yawa ya tono hoton yarinyar tun tana firamare, tana riƙe da tutar Taiwan, wadda ba a son gani a wajenmu, a bikin makaranta. Tutar ba ta fi tafin hannu ba, yarinyar kuma lokacin ko haƙoranta na gaba ba su gama fitowa ba. Wayar Maigida ta sake ƙara, ya sake miƙewa tsaye.

Karo na uku ya zo da fuskar wanda ya gano bakin zaren. Ya ce, "Na gama da duk wani abu mai fasfo. Kunkurun ruwa masuncin zai tsamo."

Aka cire ɗan masunci, aka cire soyayya, aka kawo wani koren matashin kai aka ce a kwamfuta za a mayar da shi kunkuru. Yaya Miao ya tsamo matashin kan daga tanki, ya shimfiɗa masa tabarma, ya ba shi abinci, ya gaya masa duk maganganun da ya taɓa gaya wa Malam Namgung. A wurin bankwana ya yi kuka na gaske, har ya ɓata mini kwalliya. Darakta ya ce bai taɓa ganin wanda ya so matashin kai haka ba.

Aka aika fim ɗin wurin masu dubawa. Ya daɗe bai dawo ba, da ya dawo kuma da tambaya ɗaya ya zo: daga wane ruwa kunkurun ya fito, a nuna a taswira. Aka rasa mai ƙarfin halin zana taswirar tekun da ƙasashe ke rigima a kansa. Maigida Dou ya rufe ofis, ya koma tallan ganyen shayi a waya, yana kiran masu kallo 'yan uwansa na jini. Yaya Miao ya koma layina, na ci gaba da shafa masa jini. Bai yi ƙorafi ba. Abin da kawai ya ce mini shi ne, "Ƙanwa Rong, mutuwa ta fi sauƙi. Sau ɗaya ake ɗauka."

Shekaru suka shuɗe. Wata rana ina rumfar ina shan ruwan waken soya sai ga Darakta Pei, fuskarsa fara fat.

"Kawu Miao, ka ci kyauta."

"Ta me?"

Ashe mutanen Seoul sun tafi da kwafin abin da aka ɗauka da farko. Sun gaji da jiran iska ta juyo, suka harhaɗa abin da ke hannunsu, suka nuna a wani ƙaramin bikin fina-finai a can ƙasarsu. Alƙalai suka ba masuncin kyautar gwarzon mataimakin jarumi. Malam Namgung ne ya hau ya karɓa a madadinsa, ya kira shi ɗan'uwansa.

Shulan ta ce, "To, Darakta, me ya sa kake faɗa kamar mai sanar da rasuwa?"

"Saboda kabeji, Inna."

A lokacin nan kuwa, samarinmu da nasu suna tsakiyar yaƙi a waya a kan wa ya fara jiƙa kabeji da gishiri a duniya. Wani a can ya yanko daidai wurin da Yaya Miao ke cewa naku ya fi namu daɗi, ya rubuta a kai cewa ga shi su da kansu sun amsa. Kafin rana ta faɗi abin ya tsallako teku. Namu suka tashi neman wannan tsoho maci amana, kuma ba su sha wahala ba, don hotunansa sun cika fina-finai. Ga shi da kakin sojan Japan a bakin gada. Ga shi da wani a gonar masara. Ga shi yana ɗaga takobi. Wani ya jera su duka ya rubuta, "Dama can mun san irinsu." Jinin da ke jikin hotunan duk nawa ne, amma ban ga amfanin shiga maganar ba.

Washegari samari suka cika gaban rumfa da wayoyi a ɗage, ba mai sayen komai. Ɗaya ya tura wa Shulan waya a fuska.

"Inna, mene ne matsayinki a kan kabeji?"

"Matsayina shi ne ka saya ko ka matsa, kana tare mini tururi."

Wannan ma aka yaɗa. Shugaban 'yan cika fage ya aiko cewa Yaya Miao ya ɗan huta a gida har ƙura ta lafa, don ba zai yi kyau a ga maci amana cikin sojojin Japan ba.

Darakta Pei ya ce babu mafita sai neman afuwa, kuma shi zai ɗauka da kansa tunda shi ya ce a bar maganar a fim. Maigida Dou, wanda ya ga irin wannan da yawa, ya turo kalmomin da za a faɗa, tare da roƙon a ajiye kwalin shayinsa a gefe inda za a gani. Muka samu farin bango a bayan rumfa. Aka sa wa Yaya Miao baƙar riga. Darakta ya ce mini, "Yaya Rong, ki yi masa fuskar wanda bai runtsa ba." Na duba na ga babu abin da zan ƙara.

Aka kafa kyamara daf da fuskarsa, shi kaɗai, babu jarumin da zai tare shi. Ya fara karantawa cewa ya ɓata wa al'umma rai, ya yi tunani mai zurfi, teku da tsibirai da kabeji duk yana tare da ƙasarsa a kansu.

"Tsaya. Kawu, nadama za ka yi, ba mutuwa ba. Daina duban ƙirjinka."

Aka sake. Ya yi sauri da yawa. Aka sake. Ya rusuna irin na Malam Namgung, Darakta ya dafe kai ya ce wannan rusunawar kaɗai ta isa a rufe rumfar. A ƙarshe aka kawo kabejin Shulan a faranti, ya ci, ya dubi kyamara ya ce babu kamarsa a duniya.

Shulan daga bayan Darakta ta ce, "Sai da duniya ta taru a kanka, tsoho, sannan ka faɗi gaskiya."

Shi kuma, yana zaton an kashe kyamara, ya ce, "Ni fa yunwa nake ji ranar. Mai jin yunwa ba ya tambayar kabeji garinsu." Darakta ya yanke wannan.

Afuwar ta karɓu a wajenmu, har wasu suka ce tsohon ya ba su tausayi. Amma da ta tsallaka teku sai samarin can suka fusata, suka ce an zagi kabejinsu, suka juya kan Malam Namgung da ya kira irin wannan mutum ɗan'uwa. Ba a daɗe ba Darakta ya nuna mana shi a waya: farin bango, baƙar riga, farin gashi ya sunkuya har ƙasa. Yaya Miao ya kalla har ƙarshe, ya ce a sake masa.

"Ya fi ni iyawa," in ji shi. "Dubi yadda yake riƙe numfashi kafin ya ɗago. Ai shi a makaranta ya koya."

Ranar Darakta ya zo da kwamfutarsa. Shulan ta sauke tamfol tun rana tsaka, muka zauna mu huɗu a kan buhunan fulawa muka kalli Gaɓa Biyu. Ba shi da ƙarshe sosai, don ba a ɗauka ba, amma tankin ya zama teku har ni da na san inda famfonsa yake na ji tsoro. Da aka zo wurin da matuƙin jirgi ke magana da masunci a bakin bukka, Yaya Miao ya ce a tsayar.

"Darakta, me yake ce mini a nan? Ni girarsa kawai nake jira."

"Yana cewa, har yau ban san sunanka ba, amma ko cikin mutum dubu ka yi tari zan gane ka."

Shulan ta tashi ta je tana gyara murfin tukunyar da ba abin da ya same shi. Can Yaya Miao ya ce, "Ashe haka kunnuwana suke da girma, ba wanda ya taɓa gaya mini?"

Ƙurar ba ta kai mako biyu ba, wani mawaƙi ya sa rigar da ba ta dace ba, samarin suka kwashe wayoyinsu suka koma kansa. Kyautar ba ta iso ba, ba wanda ya nemi a aiko ta. Sai dai abin ya bar wa Yaya Miao suna. Wani darakta mai fim ɗin yaƙi ya zo har rumfa ya ce yana neman wanda zai fito a ɗan gari mai yi wa sojojin Japan tafinta da nuna musu gidajen mutane, kuma 'yan kallo sun riga sun san fuskar, ba sai an ɓata lokaci wajen bayani ba. Yaya Miao ya dubi Shulan. Ta ce, "Akwai shiga ruwa?" Aka ce babu. Ta ce ya je.

Yanzu shi ne babban maci amanar Baitang. Yana da kujera mai sunansa, yana da magana shafi-shafi, ba ya mutuwa sai kashi na ƙarshe, kuma a mota mai sanyi ake masa kwalliya, ni sai dai mu haɗu a rumfa. Kwanaki wata tsohuwa cikin masu yawon buɗe ido ta gan shi da baƙar hularsa da tabarau yana jiran a kira shi, ta tsallake igiya ta sauke masa lema a kafaɗa, tana cewa kakanta a yaƙin ya mutu. Masu gadi suka taho da gudu, ya ɗaga musu hannu su bar ta. Da ta huce ta gyara gashinta, ta miƙa wa 'yarta waya, ta ce ya tsaya su yi hoto. Ya tambaye ta ko ya yi murmushi ko ya ɓata rai. Ta ce ya ɓata rai, ƙawayenta za ta tura wa.